Fuskar Kawu a Tsakiyar Fim

Kwanan baya 'yata ta zauna kusa da ni tana kallon wani abu a waya, sai talla ya katse mata. Ta ɗan jira, ta taɓa gefen gilashin da yatsa, tallan ya wuce. Na tambaye ta ko duka haka ake tsallake su. Ta ce a'a, akwai wanda ake iya tsallakewa, akwai kuma wanda ake cusawa a tsakiya, dole sai ka gani kafin a ci gaba. Ta ce in masu tallan sun ga kuskure, daga inda suke zaune za su janye shi, ya ɓace daga wayar kowa. Tana yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa tsoho. Ban gaya mata cewa na san bambancin tallan farko da na tsakiya tun ba a haife ta ba.

Lokacin da Gusau ta zama babban birnin jiha, ina da ɗan shago kusa da kasuwa, ina zaune a Damba da matata da ɗanmu na fari. Sana'ata ɗaukar bidiyo. Ina da kamara irin wadda ake saɓawa a kafaɗa, mai cin babban kaset, da akwatunan bidiyo biyu da na haɗa da waya, ɗaya yana nunawa, ɗaya yana ɗauka. Da su nake yi wa masu gidajen kallo kwafin finafinan Indiya da na 'yan Sin. Kaset na asali muna ce masa masta. Duk kwafin da aka ɗauka daga gare shi yana ɗan rage haske, kwafin kwafi kuwa fuskoki sukan fara narkewa, launi ya zube gefe. Na san waɗannan abubuwa sarai, kuma ina ji da kaina a kansu fiye da kima.

Ni na fara saka talla a kaset a layinmu. Mai shagon yadi ko mai gyaran rediyo zai zo, in ɗauki hoton shagonsa, in ɗora muryata a kai, in saka a farkon fim. Ba a jima ba na gano cewa aikin banza nake yi. Mai gidan kallo yakan tura kaset gaba ya tsayar da shi daidai inda fim zai fara, tun kafin ya buɗe ƙofa. Babu wanda yake ganin abin da ke farko sai shi, shi ma a guje. Sai na yi dabara. Na riƙa kallon fim har zuwa inda jarumi ya ɗaga hannu zai kai duka, ko inda aka kusa tona asirin mugu, in danna maɓallin jira, in cusa tallan a nan. Mai gidan kallo ba ya iya tura shi gaba, don in ya zarce da ƙiris ya wuce dukan, 'yan kallo za su tashi su cinye shi ɗanye. Dole kowa ya zauna ya sha tallana. Ranar da na gwada wannan na ga ya ci, na shiga gida ina taƙama kamar wanda ya ƙera jirgi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. A hannunsa na yi wani ɓangare na ƙuruciyata. Mutum ne mai tsare magana, in ya ce gobe to gobe ce. Yana da aboki makiyayi, muna ce masa Baffa, wanda yake damina da shanunsa can wajen Tsafe. Kowace shekara da an gama girbi Baffa zai koro garkensa ya sauka a gonar Kawu. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a gonar suna zuba taki, ana matsar da turakunsu daga wannan gefe zuwa wancan har gonar ta samu ko'ina. Kawu ya ba shi damman dawa, matan Baffa su riƙa aiko wa gidanmu nono. Iyayensu ma haka suka yi. Ban taɓa jin an yi ciniki a kan wannan ba, kuma ban taɓa ganin kakar da Baffa bai zo ba.

Da na sayi kamarar sabuwa, na je da ita ƙauye da kaka don in gwada. Dawar Kawu ta yi kyau a shekarar, zangarniya ta sunkuyo don nauyi. Na tsayar da shi a tsakiyar gona na ce, "Kawu, wagga albarka daga ina?"

Ya ce, "Allah na, sannan shanun abokina." Ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali.

Ina ja da baya don in samu dawar duka a hoto, sai na yi tuntuɓe da kunya na zauna daɓas, kamara a sama. Kawu ya yi dariya har ya riƙe ciki, kuma kamarar ta ɗauka. Bayan wata biyu na koma, na tarar Baffa ya sauka, na ɗauki garken. A cikinsa akwai wani jan bijimi mai ƙaho ɗaya a karkace, wanda duk mai zuwa kasuwar shanu ya san na Baffa ne. Na jefa kaset ɗin a kwali na manta da shi.

Da bazara ta kawo jiki, wani Alhaji mai sayar da takin zamani ya zo shagona. Yana son talla da za ta kai ƙauyuka kafin ruwa ya sauka. Ya ce in ya ji daɗin aikin, duk tallansa ni zan riƙa yi, har ma ya haɗa ni da abokansa. Ya ce yana son manoma su ga gona mai kyau. A bazara ina zan samo gona mai kyau? Ƙasa duk ta bushe. Sai na tuna da kwalin nan.

Kwana biyu na yi ina yanka ina haɗawa. Na fara da shanun Baffa da tulin kashinsu, jan bijimin a gaba, na kashe sautinsu na ɗora muryata, na ƙara mata kauri: "Manomi, har yanzu kashin shanu kake jira? Wannan tsohon yayi ne." Nan take na kawo Kawu yana dariya yana riƙe ciki. Sai buhunan Alhaji a jere. Sai dawa mai sunkuyo, muryata tana cewa, "Dattijo ya bar wahala, ya koma ga buhu. Ko ba haka ba, Baba?" Sai Kawu ya gyaɗa kai sau biyu. Maganar da ya yi kafin gyaɗa kan na yanke ta, ta rage a masta, ba wanda ya ji.

Ba zan ce ban san ƙarya nake haɗawa ba. Na sani. Abin da na gaya wa kaina shi ne, talla ce, kowa ya san talla wasa ce, kuma Kawu ba ya shiga gidan kallo. Baffa kuwa ko a raina bai zo ba. Abin da ya cika mini ido shi ne yadda dariyar ta faɗo daidai kan kalmar, babu ko rawar hoto a wurin haɗin. Na nuna wa maƙwabtana na layi, suka yi ta jinjina mini.

Na zaɓi finafinan da aka fi rububi, na cusa tallan a tsakiyarsu, na ware kaset ɗin da za su tafi Magami da Bunguɗu da Tsafe, inda manoma suke. Masu gidajen kallo na can suka yi ta kwafa daga nawa suna ba wa na gaba da su. Alhaji ya ji daɗi, ya kawo mini abokansa kamar yadda ya ce. Samarin Kekun Waje suka riƙa ce wa Kawu sun gan shi a talabijin, shi kuma ya yi murmushi ya ce aikin ɗan ƙanwarsa ne. Babu wanda ya iya maimaita wa dattijo abin da muryar take cewa.

Aka yi girbi, Kawu ya bar kara a tsaye kamar kullum, ya ware damman Baffa. Mako ya wuce, wata ya wuce, babu shanu. Ya yi zaton ko ciwo ne, ya aiki babban ɗansa Tsafe ya dubo. Ɗan ya dawo da labari. Ranar kasuwa da rana wasu 'yan'uwan Baffa suka ja shi rumfar kallo, suka ce ya zo ya ga bijiminsa. Ya zauna cikin mutane ya ga shanunsa, ya ji an kira su tsohon yayi, ya ga abokinsa yana dariya. Tun daga ranar, in ya ratso kasuwa sai matasa su riƙa cewa ga mai tsohon yayi nan. Saƙon da ya ba ɗan Kawu gajere ne: abin da aka faɗa a gaban kasuwa, a gaban kasuwa za a warware shi. In ya ga haka, zai koro shanu.

Washegari da hantsi na ɗaga kai daga aiki na ga Kawu a ƙofar shago, da sandarsa, ƙafafunsa duk ƙura. Bai taɓa zuwa shagon ba. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce in nuna masa abin da na yi da shi.

Na saka. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe, bai motsa ba. Sannan ya ce, "Yaushe nic ce haka?"

Na fara yi masa bayani, wai ba shi ya ce ba, murya ce aka ɗora, hoton daban, sautin daban, haka ake yi a ko'ina. 

Ya ce, "To dariyag ga hwa? Shanunai nika yi ma dariya?"

Na ce a'a, faɗuwar da na yi ce.

"Kai kaf faɗi, shi anka yi ma dariya." Ya nuna kamarar da sandarsa. "Ɗauko abin naka. Yadda kas sa ni ciki nic ci mutuncinai, haka za ka sa ni in wanke shi."

Na ɗauko kamara. Ya gyara hularsa, ya tsaya a jikin bango ya dubi gilashin kamarar kai tsaye. Bai yi minti biyu ba. Ya yi sallama, ya ce shi ne mai gonar da aka nuna, kuma bai taɓa zuba takin buhu a cikinta ba. Ya ce dawar da aka gani shanun abokinsa ne suka yi ta da ikon Allah, tun zamanin iyayensu. Ya ce wanda ya haɗa hoton ɗansa ne, don haka laifin na gidansa ne, yana roƙon gafara. Ya rufe da cewa kara yana nan a tsaye, ba a sa masa hannu ba.

Da ya gama ya ce, "Ka kai shi inda waccan tat tahi." Na ce to.

A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Tallan farko na yi shi da wauta da son a yaba mini. Wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Na zauna na auna. In na cusa maganar Kawu a tsakiyar fim, duk ƙasar za ta ji dattijo yana cewa tallan Alhaji ƙarya ce, kuma ni na haɗa ta. Alhaji zai tafi da abokansa. 'Yan layinmu da suka jinjina mini za su samu abin dariya na shekara. In kuma na ƙi sakawa, na saɓa wa Kawu, kuma zai tambaye ni. Sai na samo hanyar da ta fi dacewa da matsoraci. Na saka maganar a farkon kaset, can gaba da komai, kafin sunan fim ya fito. Na saka ta a kaset masu yawa, na aika Tsafe da Bunguɗu da Magami. Babu wanda ya fi ni sanin cewa ba mai ganin wurin nan.

Tallan Alhaji na daina saka shi, na ce masa ya tsufa, mu yi sabo. Amma kwafin da suka riga suka fita ba su da linzami. Wani ya kwafa daga wani, wani daga wancan. Bayan shekara na ga ɗaya a Bunguɗu, fuskar Kawu ta narke har ba a gane ta sosai, amma ƙahon bijimin yana nan a karkace, muryata kuma tana fita tar.

Da na je gaishe da Kawu ya tambaye ni, "Ka saka?"

Na ce, "Na saka, Kawu."

"Har Tsahe?"

"Har Tsahe."

Ya ce madalla. Bai sake tambayata ba, domin shi a wurinsa in mutum ya ce ya yi, ya yi.

Ya bar karan nan a tsaye har iska ta kwantar da shi. Wasu makiyaya suka zo suka nemi sauka, ya ce gonar da mai ita. Shekara ta biyu ma haka. Matarsa ta gaya mini cewa da la'asar yakan ɗauki buzunsa ya koma bakin gona ta gabas, inda garken yake ɓullowa, ya zauna har a kira magariba. Dawar ta ragu, amma ba ita ta dame shi ba. Sau ɗaya ya yi mini zancen, muna tafiya masallaci. Ya ce, "Na roƙe shi gahwara gaban mutane, bai karɓa ba. Ban ga laihinai ba. Abin ya yi mishi ciwo." Ina gefensa, kafaɗata tana gogar tasa. Kalma biyar ta isa in gyara komai. Na ce, "Allah ya huci zuciyarsa." Har yau in na tuna wannan addu'ar tawa sai in ji kunya ta rufe ni.

Kullum ina cewa zan gyara. In an gama bikin wane, in damina ta wuce, in Alhaji ya rage zuwa. Kawu ya kwanta ciwon kwana shida a ƙarshen rani na biyu, ya rasu.

Ranar addu'ar uku, muna zaune a ƙofar gida, sai ga Baffa ya iso a ƙasa, ya rame, sandarsa a kafaɗa. Ya yi gaisuwa ya zauna a gefen tabarma. Da mutane suka ragu ya kira ni. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Kai na mai hoton?" Na ce ni ne.

"An ce mini ya yi magana cikin abin naku. Ɗanai yaz zo yag gaya mini. Ni kau ban son kallon nan, hayaƙin inji da ihu. Amma rani biyu, duk ranar kasuwa sai na shiga na zamna tun daga fari har a tashi, ko in gane shi. Na ga ana ta duke-duke da raye-raye. Shi ban gane shi ba." Ya dube ni. "Da gaske ya yi?"

Na ce ya yi. Na gaya masa inda na saka ta, da dalilin da ya sa na saka ta a can. Wannan ne karo na farko da na faɗa wa wani. Bai zage ni ba, ko fuskarsa bai canza ba, na kuwa so a ce ya zage ni.

Na hau mota na koma Gusau, na ɗauko mastan da talabijin da ƙaramin janareta, na dawo kafin la'asar. Muka shiga zauren Kawu, ni da shi da babban ɗan marigayin. Na kunna. Kawu ya fito a jikin bangon shagona, hoton tas, domin masta ne, ba a taɓa gajiyar da shi ba. Ya gyara hula ya yi sallama, Baffa ya amsa masa a fili. Ya saurara har inda Kawu ya ce kara yana nan a tsaye.

Baffa ya ce, "Maido shi baya."

Na tariyo. Ya sake kallo. Sau uku muna yin haka. A na ukun ya sa gefen rawaninsa ya share ido.

Na ce masa zan saka ta yanzu a tsakiyar kowane fim, Tsafe da ko'ina, kowa ya gani. Kuma na saka daga baya, Alhaji ya tafi da abokansa kamar yadda na yi tsoro, ban kuma mutu ba.

Baffa ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "Saka, don mutane. Ni na gani." Ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba. "Shi na ba ya da labarin na gani."